Manhajar waya mai sa ido kan motar lantarki: yadda take aiki, da abin da mutanen Abzin ya kamata su sani kafin su sa ta

Tun ƙarancin isansi na watan Maris 2025, lokacin da layin motoci da kabu-kabu ya kwana a gidajen mai, tambaya ɗaya ke yawan dawo mana daga ƴan uwanmu mazauna Libiya, Aljeriya, Faransa da Amurka: in mutum ya sayi motar lantarki ya aiko gida, zai iya sa mata ido daga can da talho ɗinsa? Wasu ma sun ji an ce ana buɗe ta, a rufe ta, a kunna mata kilim daga wata ƙasa. Gaskiya ne ana yi. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma galibinsu ba a yi su don ƙasa irin tamu ba. Motar lantarki ba ta cika titunan Agadas ba tukuna, amma ƙanwarta ta riga ta iso, wato na'urar GPS da ake ɓoyewa cikin Hilux ko babur don bin sawunsa. Shi ya sa muka haɗa bayanin nan wuri ɗaya, don mai saurare a ƙauye da mai aiko da kuɗi daga waje su ji abu guda.

Manhaja iri biyu ce

Manhaja ita ce abin da matasa ke kira apilikasiyo. Akwai ta kamfanin da ya ƙera motar, kamar ta Tesla, ta BYD, ko NissanConnect ta Nissan. Akwai kuma wadda wasu mutane na daban suka rubuta, ba su ƙera mota ba, ba su sayar maka da ita ba, sun dai sami hanyar magana da ita. Cikinsu akwai Tessie, TeslaFi da TeslaMate na motocin Tesla, akwai LeafSpy ta Nissan Leaf, akwai Car Scanner mai karanta motoci iri-iri, da A Better Routeplanner mai lissafa inda batir zai kai ka.

Me ya sa mutum zai bar ta kamfani ya nemi ta bare? Don ta kamfani rowar bayani gare ta. Tana nuna maka abubuwa kamar kashi nawa ya rage a batir da inda mota take. Ta bare kuwa tana ajiye tarihin kowace tafiya, wutar da aka sha, zafin batir, da yadda ƙarfinsa ke raguwa shekara bayan shekara.

Ta ina saƙo ke bi

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. In ka danna talho a Paris don buɗe ƙofar mota a Agadas, wayarka ba ta magana da motar kai tsaye. Saƙo yana zuwa kwamfutocin mai manhaja, daga nan ya wuce kwamfutocin kamfanin motar, sannan ya sauko ta layin salula da aka dasa cikin motar tun daga masana'anta. Zare ɗaya ya tsinke, komai ya tsaya.

To, layin nan na cikin mota an yi yarjejeniyarsa ne don ƙasashen da aka yi niyyar sayar da ita. Motar da aka sayo kwance daga Turai ko Amurka ko Sin, aka sauke ta tashar ruwa aka hauro da ita, sau da yawa layinta yakan yi shiru da zarar ta bar yankinta. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin ƙasar Sin, manhajarsu kan nemi lambar waya ta can kafin ta karɓe ka. Tesla ba shi da wakilci a Nijar, kodayake motarsa tana kama wifi na gida, kun ga ke nan za a iya ganinta muddin tana ajiye kusa da shi. Har a Turai ma abin yana mutuwa da tsufa: a Ingila, Nissan ya rufe hidimar manhaja ga tsofaffin Leaf a watan Agusta 2024, domin na'urarsu da layin 2G take aiki.

Ko an dace layin ya yi aiki, sai maganar rezo. Cikin gari akwai Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecom. Amma duk wanda ya bi hanyar Arlit, ko ta Damagaram ta Aderbisanat, ko ya shiga duwatsu wajen Tabalot da Timiya, ya san inda waya ke zama dutse a aljihu. Hanyar Dirku da Jado kuwa ba a ma maganarta. Inda babu rezo, abin da manhaja ke nuna maka shi ne wurin da ta ga motar na ƙarshe, ko da na jiya ne.

Hanya ta biyu ba ta bukatar rezo ko kaɗan, kuma a ganinmu ita ta fi dacewa da mu. Ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wata ƴar kafa mai haƙora 16 da ake kira OBD. Amurka ta wajabta ta ga motoci tun 1996, Turai ta biyo baya daga 2001. Ana soka mata ƴar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana ba, ita kuma ta yi magana da talho ta Bluetooth. Dole ka kasance cikin motar ko dab da ita. Ba ka buɗe ƙofa daga nesa da ita, karatu kawai take yi, amma karatun ne ke tsare kuɗinka.

Hanya ta uku ita ce wadda makanikai suka saba da ita: na'urar bin sawu da ake sa wa sim na nan gida, a ɗaura ta da batirin mota. Wasu ana haɗa su da abin da ke yanke mai ko wutar inji, mai mota ya aika saƙo, mota ta mutu. Za mu dawo kanta.

Batir da zafin Agadas

A motar lantarki batir shi ne abu mafi tsada, kuma babban maƙiyinsa zafi ne. Nissan Leaf, wadda ta fito a Disamba 2010, tana cikin tsofaffin motocin lantarki mafi araha a kasuwar kwance, don haka ita ce ɗan uwa mai neman sauƙi zai fi cin karo da ita. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya. A 2012 masu ita a birnin Finiks na jihar Arizona, hamadar Amurka, suka yi ta kukan batir ya rage ƙarfi tun bai daɗe ba. Mu da ma'aunin zafi ke wuce 40 daga Afrilu zuwa Yuni, labarin nan namu ne.

A gaban direban Leaf akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir, ta farko tana ɓacewa in ƙarfi ya sauka wajen kashi 85 cikin ɗari. Dillali marar tsoron Allah yana iya goge ƙwaƙwalwar na'urar, sanduna su dawo cif 12 na ɗan lokaci, sai bayan makonni gaskiya ta fito. LeafSpy tana shiga ciki ta nuna adadin da ake kira SOH, wato kashin ƙarfin da ya saura, ta nuna sau nawa aka yi wa motar caji mai sauri, ta kuma jera wutar rukunoni 96 na ƙwayoyin batir ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran sosai, ka san akwai ciwo. In kuma mota ta ci dubban kilomita amma adadi ya nuna kamar sabuwa, wannan ma abin tambaya ne.

Bari mu yi lissafi. Leaf ta farko batirinta kilowat-awa 24 ne. In ya sauka kashi 70, saura wajen 17. Da kilim a kunne da hanya irin tamu, wannan bai wuce kilomita ɗari da ƴan kai ba. Agadas zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, Tawa wajen 400. Motar zirga-zirgar cikin gari ce ke nan, kai yara lakwal, zuwa kasuwa, zuwa asibiti. Wanda ya saye ta da niyyar jigila ya yi asara tun ba a sauke ta daga jirgi ba.

Wajen caji ma manhaja na da rana. Wutar yankinmu mafi yawanta daga tashar gawayi ta Sonichar take, a Anu Araren kusa da Cirozerin, wadda ke aiki tun 1981, Nigelec na rarraba ta. Kowa ya san yadda kuran ke ɗaukewa lokacin bazara. Kafar wuta ta gida tana ba da wajen kilowat 2, don haka batir mai kilowat-awa 40 zai ci kusan awa 20 daga fanko zuwa cika. Manhajar da ke sanar da kai caji ya tsaya tsakar dare ta fi a wayi gari a tarar da mota yadda aka bar ta. Mai sola kuma zai iya tsara caji ya faɗo tsakar rana, lokacin da faranti ke ba da wuta sosai, motar tana inuwa. Galibin batura sun fi son a tsaya kashi 80, kada kuma a bar mota cike taf cikin rana kwana da kwanaki. Irin da ake kira LFP, wanda BYD ke amfani da shi, ya fi haƙuri da cikawa.

Wani ƙaramin abu: manhajar da ke yawan tambayar mota kowane minti tana hana ta barci, batir ya riƙa zurarewa tana tsaye. Haka na'urar OBD mai araha in an manta ta a soke, tana iya shanye ƙaramin batir na volt 12, wanda in ya mutu motar ba ta tashi ko babban yana cike.

Wanda ka ba izini, makulli ka ba shi

Don manhajar bare ta yi aiki, sai ka ba ta izinin shiga asusunka na kamfanin mota. Izinin nan daidai yake da makulli. A Janairu 2022 wani matashi Bajamushe mai shekara 19, David Colombo, ya nuna ya iya shiga motocin Tesla sama da 25 a ƙasashe 13, ta ɓarakar da ke yadda masu su suka kafa TeslaMate. Yana ganin inda suke, yana buɗe ƙofa da tagogi, yana iya sa su tashi ba makulli. Sitiyari da birki dai ba su shiga hannunsa ba. Ya sanar, aka gyara. A Oktoba 2023 Tesla ya buɗe ƙofa ta hukuma ga masu irin waɗannan manhajoji, inda mai mota ke zaɓar abin da ya yarda su gani, ya kuma janye izinin duk sa'ad da ya ga dama. Manhajar da har yanzu ke cewa ka rubuta mata kalmar sirrinka cikin shafinta, maimakon ta tura ka shafin kamfanin, ka rabu da ita.

Kada a ɗauka ta kamfani ba ta yoyo. A Fabrairu 2016 mai bincike Troy Hunt ya nuna cewa da lambar shasi kawai, wadda ke rubuce a gilashin gaba, ana iya kunna kilim ɗin Leaf ɗin wani a kuma ga tarihin tafiyarsa. Nissan ya dakatar da manhajar sai da ya gyara.

Abin da ya fi taɓa mu dai shi ne na na'urorin bin sawu. A 2019 wani mai kutse ya shiga dubban asusu na manhajojin iTrack da ProTrack, don masu su ba su canza lambar sirrin da na'ura ta zo da ita ba, 123456. A Yuli 2022 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi kan na'urar MiCODUS MV720, ita ma da lambar nan, kuma ana iya kashe mota daga nesa ta hanyarta. A ƙasar da ƴan fashi ke tsare hanyar masu zinariya, sanin wace mota ta taso, daga ina, da ƙarfe nawa, ba ƙaramin abu ba ne a hannun mugu. Ku tambayi wanda ya ɗaura muku: an canza lambar? Shi ma yana da ita har yanzu? Sim ɗin da sunan wa aka yi shi?

Mai mota a waje, direba a gida

Ga yadda abin kan kasance. Yaya yana Sabha ko Tamanrasat ko Brussel, ya tara, ya sayi mota, ya damƙa wa ƙane ya riƙa aiki yana aiko da rabo. Zuciya ba ta kwanta ba, sai ya sa na'ura a ɓoye. Ranar da ƙanen ya gano, zumunci ya fi motar lalacewa. Shawararmu a faɗa tun farko gaban shaidu: akwai na'ura, ga abin da take gani, ga wanda ke da lambar. Inda mutum yake kwana da inda yake zuwa sirrinsa ne, kuma Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Mijin da ke bin sawun matarsa da shi, ko mai gida yaron shagonsa, ba da saninsu ba, ya san ba wasa yake yi ba.

Maɓallin kashe inji kuwa, don ɓarawo aka yi shi, ba don mai bashi ba. Mai mota yana kallon ɗigo a taswira, bai san ko akwai maras lafiya ciki ba, bai san ruwa nawa ya rage a jarka ba. Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi: saƙon kashewa yana iya isa lokacin da motar ta ɗan kama rezo a kan tudu, saƙon kunnawa kuma ya rasa ta. A motar lantarki, ɗaura irin wannan na'ura aiki ne na wanda ya san ta. Wayoyi masu launin lemu da ke cikinta suna ɗauke da volt ɗari uku zuwa ɗari huɗu, wasu ma fiye, ba na taɓawa ba ne.

In mota ta canza hannu

Takardun mota ba su ne ƙarshen ciniki ba. Motar da ke rajiste cikin asusun tsohon mai ita, shi ke riƙe da makullin waya, ko yana Jamus. Kafin a tura kuɗi, a sa mai sayarwa ya cire ta daga asusunsa, ya janye izinin duk manhajar da ya taɓa ba, a goge adireshi da lambobin da ke allon motar. A nemi ya ɗauko bidiyon karatun batir, lambar shasi na bayyane a allon talho, a gwada ta da wadda ke takarda. In ɗan uwa na kusa da inda motar take, ya je da tasa na'urar OBD ya karanta da idonsa bayan an ɗan zaga da ita. Mai tambaya kan wata mota takamaimai ya aiko mana da sunanta, shekararta da ƙasar da aka sayo ta, za mu amsa cikin shirin.