Rajnarayan Chandavarkar da Tarihin Leburorin Masaƙun Bombai

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya buɗe littafin tarihin ƙasar Indiya, sunayen da zai fara cin karo da su ba su wuce na sarakunan Mughal, da gwamnonin Ingila, sa'an nan su Gandi da Nehru ba. Ba safai akan ji labarin mutumin da ya tashi tun da assalatu ya tsaya a bakin ƙofar masaƙa yana jiran ko za a ɗauke shi aikin yini guda ba. Alhali kuwa da guminsa aka gina birnin Bombai, wanda yawancinmu muka sani ta finafinan Indiya, wanda kuma aka sauya wa suna ya koma Mumbai a 1995. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta gabatar wa 'yan'uwa ɗalibai da wani malamin tarihi, Rajnarayan Chandavarkar, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen bin diddigin wannan lebura. Tambayar da ya yi ta fama da ita mai nauyi ce: idan aka ga talaka yau yana wurin aiki gobe ba ya nan, shin laifin halinsa ne da al'adarsa, ko kuwa tsarin da aka ɗora shi a kai ne ya mai da shi haka?

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Chandavarkar a Bombai a 1953. Tun yana saurayi ya tafi Ingila, ya ƙarasa karatun sakandare a makarantar Lancing, daga nan ya shiga Jami'ar Kembirij inda ya karanta tarihi a kwalejin Gonville da Caius. Ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin Anil Seal, ɗaya daga cikin manyan malaman tarihin Indiya a wannan jami'a. A 1979 kwalejin Trinity ta ɗauke shi cikin malamanta, ya kuwa zauna a Kembirij yana koyarwa har ƙarshen rayuwarsa. Daga 2001 ya shugabanci cibiyar nazarin Kudancin Asiya ta jami'ar.

Mutum ne da bai yi gaggawar buga littafi ba. Tun 1981 ya fitar da wata maƙala a mujallar Modern Asian Studies a kan siyasar ma'aikata a unguwannin masaƙu, amma babban littafinsa bai fito ba sai 1994. Sunansa The Origins of Industrial Capitalism in India, watau asalin jari-hujjar masana'antu a Indiya, ya kuma duba dabarun masu masaƙu da rayuwar ma'aikatan Bombai daga 1900 zuwa 1940. A 1998 ya biyo da Imperial Power and Popular Politics, wanda ya yi magana a kan yajin aiki, da 'yan sanda, da annoba, da yadda gwamnatin mulkin mallaka take mu'amala da talakawa. Ya mutu farat ɗaya a watan Afrilu na 2006, yana da shekara 52, lokacin da ya je wani taron ƙara wa juna sani a Amurka. Bayan mutuwarsa aka tattara wasu maƙalunsa aka buga a 2009.

Garin da Ya Yi Nazari a Kai

Kafin a gane muhimmancin aikinsa, sai an san yadda garin yake. A 1854 wani attajiri Bafarise mai suna Cowasji Davar ya kafa kamfanin masaƙar auduga ta farko a Bombai. Abin lura a nan shi ne, yawancin masaƙun Bombai da jarin Indiyawa aka gina su, saɓanin masaƙun buhu na Kalkata waɗanda Turawa suka mallaka. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsinke audugar da masaƙun Ingila suke samu daga can, sai suka juyo Indiya, kuɗi ya kwararo cikin Bombai. Zuwa shekarun 1920 masaƙun garin sun kai wajen 80, ma'aikatansu kuwa kimanin 150,000.

Waɗannan ma'aikata 'yan ci-rani ne. Mafi yawansu daga gundumar Ratnagiri da ke gaɓar teku suka fito, wasu kuma daga tudun Dekkan. Suka taru a tsakiyar gari, a yankin da ake kira Girangaon, watau ƙauyen masaƙu da harshen Marathi. Gidajensu, waɗanda ake ce wa chawl, dogayen benaye ne na haya masu ɗakuna a jere kamar bariki, famfo ɗaya da makewayi ɗaya na mutane da yawa. Iyali guda, ko kuwa ƙungiyar gwauraye 'yan ƙauye ɗaya, sukan cunkusu a ɗaki guda. Da annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta faɗa wa garin a 1896, mutane suka yi ta gudu zuwa ƙauyukansu har masaƙu suka rasa hannu.

Tsohon Ra'ayi

Tun zamanin mulkin mallaka, Turawan gwamnati da masu masaƙu bakinsu ɗaya a kan leburan Indiya. Cewa suke yi manomi ne da ya zo birni da gangar jiki, zuciyarsa tana gona. Da damina ta faɗi, ko wani biki ya taso, sai ya ajiye aiki ya tafi gida. Ba ya jure zama kan inji, ba ya bin ƙa'idar agogo, ƙabila da addini da ɗabaƙar haihuwa sun ɗaure shi. A ganinsu wannan ne ya hana masana'antun Indiya ci gaba, wannan ne kuma ya sa dole a nemi wani ɗan tsakani, watau helma, wanda zai ɗebo leburori ya kuma tanƙwara su.

Wani Ba'amurke masanin tarihin tattalin arziki, Morris D. Morris, shi ya fara rusa wannan magana a littafinsa na 1965, inda ya nuna cewa masaƙun Bombai ba su yi fama da ƙarancin ma'aikata na dindindin ba. Chandavarkar ya ɗora daga inda Morris ya tsaya, amma ya zurfafa, domin shi ya haɗa abubuwa uku da aka saba rarrabawa: lissafin mai masaƙa, da rayuwar unguwa, da siyasar gwamnati.

Abin da Ya Gano

Da farko ya duba littattafan kasuwancin masu masaƙu. Ya tarar da cewa jari yana da tsada a Indiya, farashin auduga kullum hawa da sauka yake yi, kasuwa kuma ba ta da tabbas. Kasuwar zare ta ƙasar Sin, wadda Bombai ta dogara da ita, ta suɓuce musu a farkon ƙarni na 20 saboda gasar Japan da masaƙun Sin ɗin kanta. A cikin irin wannan hali mai masaƙa bai ga dalilin zuba kuɗi a sababbin injuna ba. Abin da ya fi masa riba shi ne ya yi ta tatsar tsofaffin injuna, ya ƙara saƙa idan kasuwa ta buɗe, ya rage idan ta toshe. To, wanda ya zaɓi wannan hanya yana bukatar ma'aikatan da zai ɗauka yau ya sallama gobe.

Daga nan aka sami tsarin badli, watau 'yan riƙon ƙwarya da suke taruwa a ƙofar masaƙa kowace safiya, helma ya zaɓi wanda ya ga dama. Ashe ke nan rashin zama wuri ɗaya da ake zargin lebura da shi, mai masaƙa ne ya shuka shi, domin shi yake cin amfaninsa. An daki mutum an hana shi kuka.

Haka nan maganar komawa ƙauye. Chandavarkar ya nuna cewa mutumin da ba shi da fansho, ba shi da tabbacin aikin gobe, ba shi da mai jinyarsa in ya kwanta ciwo, wauta ce gare shi ya saki ɗan gonarsa na ƙauye. Albashin birni yana biyan bashin ƙauye, hatsin ƙauye kuma yana rufa asiri in aikin birni ya tsaya. Wani abin mamaki ma shi ne, wannan alaƙa da ake cewa ita ce rauninsu, ita ta ba su ƙarfin jure dogon yajin aiki, domin in tukunya ta ƙi tafasa a birni sai wasu su koma gida, a rage bakin da za a ciyar.

Sa'an nan ya shiga unguwa. A ganinsa ba za a fahimci abin da yake faruwa a cikin masaƙa ba sai an san wanda yake bai wa lebura bashin shinkafa, da wanda ya ba shi hayar ɗaki, da matar da take dafa masa abinci ana biya a ƙarshen wata, da gidan kokawa inda samari suke taruwa, da ƙaton unguwa wanda ake kira dada. Helma ma da ake ɗauka wani ƙaramin sarki ne, ashe tsaka mai wuya yake: in ya matsa wa yaransa sai su gudu su bar shi, in kuma ya goyi bayansu sai mai masaƙa ya kore shi.

Yajin Aiki da Siyasa

Tsakanin 1919 da 1940 an yi yajin aikin gama-gari har sau 8 a masaƙun Bombai. Na 1925 ya taso ne da masu masaƙu suka yanke shawarar zabtare albashi, suna kuka da harajin kashi 3.5 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa yadin Indiya tun 1896 domin faranta wa masaƙun Lankashiya rai. Ma'aikata suka tsaya kai da fata har gwamnati ta dakatar da harajin, aka janye maganar rage albashi. Na 1928 kuwa, wanda ya ɗauki kusan wata shida daga Afrilu zuwa Oktoba, ya taso ne a kan sabon tsarin da ya ce masaƙi ya kula da inji uku maimakon biyu. A cikinsa aka kafa ƙungiyar Girni Kamgar mai jar tuta, ƙarƙashin 'yan gurguzu irin su S. A. Dange, wadda cikin 'yan watanni mambobinta suka haura 50,000.

Amma fa wannan haɗin kai bai daɗe ba. A watan Fabrairu na 1929 rikici ya ɓarke tsakanin ma'aikata mabiya addinin Hindu da Pathanawa, aka yi asarar rayuka. A watan Maris gwamnati ta kama shugabannin ƙwadago fiye da 30 ta gurfanar da su a garin Meerut bisa zargin ƙulla makirci. Yajin da ya biyo baya a wannan shekara ya ci tura. Darasin da Chandavarkar ya ciro shi ne, haɗin kan ma'aikata abu ne da ake ƙullawa a fagen siyasa, yana iya ƙulluwa yana kuma iya warwarewa, gwargwadon abin da masu masaƙu da 'yan sanda da jam'iyyu suka yi. Rarrabuwar kansu ma haka take, sau da yawa gasar neman aiki da ɗakin haya ce take hura wutar ƙabilanci.

Saɓaninsa da Sauran Malamai

A 1982 Ranajit Guha da abokansa suka fara fitar da jerin littattafan Subaltern Studies, da nufin rubuta tarihin na ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Dipesh Chakrabarty, ya buga littafi a 1989 a kan ma'aikatan masaƙun buhu na Bengal. Hujjarsa ita ce, ma'aunin da E. P. Thompson ya auna ma'aikatan Ingila da shi a littafinsa na 1963 bai dace da Indiya ba, domin leburan Kalkata ya taso ne cikin al'adar girma da biyayya, har shugaban ƙungiyarsa ma kallon ubangida yake yi masa. Chandavarkar bai yarda ba. A ganinsa, duk da kyakkyawar niyya, wannan magana ta sake shigo da tsohon ra'ayin Turawan mulki ta bayan gida, watau cewa al'ada ce ta ɗaure Ba'indiye.

A nawa ɗan guntun tunani, Chandavarkar ya fi kusa da gaskiya, domin ya nuna dalilan da ake iya bincikawa a takarda, kamar albashi da haya da bashi. Amma Chakrabarty ma ya taɓo wani abu: mutum ba ciki kaɗai ba ne, abin da ya yi imani da shi yana shiga cikin shawararsa. Har ila yau, mafi yawan hujjojin Chandavarkar daga rahotannin gwamnati da na 'yan sanda da na masu masaƙu suka fito, saboda haka muryar leburan da kansa takan yi ƙasa. Mata ma'aikata ma ba su sami fili sosai ba. Irin wannan giɓi ne Samita Sen ta cike a littafinta na 1999 a kan matan masaƙun buhu na Bengal.

Kammalawa

Chandavarkar ya rayu har ya ga ƙarshen duniyar da ya yi nazari a kai. A watan Janairu na 1982 ma'aikata kusan 250,000 suka shiga yaji ƙarƙashin Datta Samant, aka shafe fiye da shekara ba a sasanta ba, dubbai suka rasa aikinsu, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Filayen da yawa an mai da su manyan kantuna da benayen masu hali. A 2004 ya rubuta doguwar gabatarwa ga wani littafi da ya tattara hirarraki da mazauna Girangaon, inda ya bi yadda 'yan gurguzu suka yi ƙarfi a unguwar, da yadda jam'iyyar Shiv Sena, wadda aka kafa a 1966, ta ƙwace ta daga hannunsu.

Abin da ya kamata mu ɗalibai mu ɗauka daga wannan malami shi ne yadda ake karanta takardar mai mulki. Idan rahoto ya ce talaka malalaci ne, sai a tambaya wa ya rubuta, me yake karewa, nawa ake biyan talakan, kuma ina yake kwana. Wanda zai rubuta kundinsa na neman digiri, ko a kan adabi ko a kan tarihi, zai amfana in ya riƙe waɗannan tambayoyi huɗu. Allah ya sa mu dace.