Dandali da 'Yan Kallonsa: Tarihin Dambe da Kokawa a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Tun kafin a san da filin wasa mai kujeru da tikiti a ƙasar Kabi, garuruwa da ƙauyukan yankin suna da wurin da jama'a ke taruwa su kalli ƙarfi da jarumta. Wurin nan shi ne dandali: fili a ƙofar fada, ko gefen kasuwa, ko bayan gari inda aka kwashe amfanin gona. A can ake dambe da kokawa, kuma a can ne ɗan kallo ya sami matsayin da har yau bai same shi a wani filin wasa ba. Idan ana ba da tarihin waɗannan wasanni, sunayen gwarzaye da mawaƙansu ake jerawa. Amma rabin tarihin na mutanen da ke kewaye da filin ne, domin su suka raya wasan shekaru aru-aru ba tare da hukuma ko kasafin kuɗi ba.

Jega gari ne da kasuwa ta ɗaukaka. Asalinsa yana komawa ga jama'ar Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da mayaƙan Gobir suka kai wa mutanensa yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajajen 1820, ƙarƙashin masarautar Gwandu. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar garin ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato, inda fataken goro daga Gwanja ke haɗuwa da masu gishiri da tufafi da dabbobi. Duk inda kasuwa ta kai wannan girma, akwai mahauta, kuma a ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun asali. Bayan kaka, idan rumbuna sun cika, biki ya yawaita, mahauta kan bi ƙauyuka suna yanka, makaɗan kalangu na biye da su. Da maraice samarinsu kan ƙalubalanci samarin garin da suka sauka. Kokawa kuwa ta manoma ce da sauran jama'a, kowane ƙauye da gwaninsa, ana kai wa juna ziyara ana rama ta.

Wannan asali ya bayyana abu na farko da ke jan ɗan kallo, wato sanayya. Wanda ya shiga fili ba baƙo ba ne. An san mahaifinsa, an san rumfar da yake sayar da nama, an san wanda ya buge shi bara. Idan ya yi kisa, gari ne ya yi. Idan ya sha ƙasa, washegari zai fito kasuwa ya haɗa ido da waɗanda suka ga faɗuwarsa. Shi ya sa sunayen 'yan dambe suke ɗauke da nasaba: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane. Sunan yana gaya wa mai kallo gidan da yaron ya tashi da ubangidan da ya horar da shi, don haka kowane turmi ci gaba ne na wani tsohon labari da 'yan kallo suka riga suka sani.

Abu na biyu shi ne kusanci. Dandali ba shi da katanga, jikin 'yan kallo shi ne iyakar fili. Na gaba suna zaune a ƙasa, na baya suna tsaye, yara suna kan bishiya ko kan katangar maƙwabta. Daga inda mutum yake yana ganin yadda ake naɗa kara a hannun ɗan dambe, yana jin numfashinsa, yana jin saukar naushi. Ƙa'idar wasan ma gajeriya ce, kowa ya san ta: turmi uku ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. A kokawa kuma kaye shi ne magana. Saboda haka kowane ɗan kallo alƙali ne, kuma hukuncin da taro bai yarda da shi ba da wuya ya zauna.

Na uku, ɗan kallo yana da aiki a cikin wasan. Makaɗi yana kaɗa taken ɗan dambe, shi kuma ya fito yana kirari, jikinsa na tsuma. Amma makaɗin da ɗan damben duka da kyautar jama'a suke rayuwa. Wanda ya ji daɗi yakan keta fili ya liƙa kuɗi, attajiri ya yi kyautar riga ko dabba, maroƙi ya shelanta sunansa. Ta wannan hanya taro ke faɗin wanda yake so, ya kuma biya kuɗin wasan da hannunsa. Shaharar Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mawaƙin da ya ɗaukaka sunan Shago da Ɗandunawa, daga irin wannan fage ta taso a tsohuwar ƙasar Sakkwato, kafin rediyo da kaset su kai muryarsa ko'ina a ƙasar Hausa. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin Shago ba sun san shi ta bakin mawaƙinsa.

Wasannin ba su rayu ba tare da masu suka ba. Malaman jihadi sun yi wa kiɗe-kiɗe da cakuɗuwar maza da mata a wuraren taro kakkausar suka, kuma layu da guraye da 'yan wasa ke ɗaurawa sun daɗe suna jawo magana daga malamai. Duk da haka dambe da kokawa sun ci gaba a ƙarƙashin sarakunan gargajiya, ta hannun masu riƙe da sarautun sana'a irin su Sarkin Fawa. A ƙarni na 20 ma sun sami gurbi a bikin da ya fi kowane suna a yankin. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934 don ƙarfafa sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato, ya haɗa da dambe da kokawa cikin shagulgulansa. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

A tsallaken iyaka, Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, gwamnati ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda wanda ya yi nasara ke karɓar takobi. Gasar tana zagayawa tsakanin jihohin ƙasar, ana watsa ta a rediyo da talabijin, kuma gwanaye irin su Issaka Issaka na Doso, jihar da ke maƙwabtaka da Kebbi, sun zama sanannu a gidaje da dama na ɓangarorin iyakar biyu. Nijar ta mayar da kokawa wasan ƙasa. A Najeriya kuwa 'yan kasuwa ne suka ɗauki dambe suka kai shi birni. Aka kewaye fili da langalanga, aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, aka raba 'yan wasa zuwa ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada. Gidajen dambe irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja suka zama wurin da ɗan ci-rani ke zuwa ya ji kalangun gida. Daga 2017 tashar Dambe Warriors ta fara ɗora fafatawa a YouTube, wasan ya sami masu kallo a ƙasashen da ba a jin Hausa.

Kowane mataki a cikin waɗannan ya ƙara wa ɗan wasa kuɗi da suna, ya kuma ƙara nisa tsakaninsa da mai kallo. Wanda ya biya kuɗin ƙofa abokin ciniki ne. Wanda ke kallo a waya ba ya iya keta fili ya yi liƙi, ba ya kuma iya yi wa alƙali gardama.

Irin wannan sauyi ya faru a wata ƙasa mai nisa, kuma kwatanta su yana da amfani. A birnin Melbon na Ostareliya akwai wata ƙwallo ta musamman, wadda aka rubuta ƙa'idojinta na farko a 1859. 'Yan wasa 18 ne a kowane ɓangare, filin mai siffar ƙwai ne, ana kama ƙwallon da hannu ana kuma bugunta da ƙafa. Babbar gasarta ta fara a 1897, kuma kusan duk ƙungiyoyin na unguwannin birnin ne, kowace da filinta. Daga baya kuɗin talabijin ya sauya tsarin. A 1982 ƙungiyar South Melbourne ta koma Sidni, a 1990 gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya da sunan AFL, a 1996 aka haɗe Fitzroy da ƙungiyar Brisbane, sannan a hankali aka kwashe manyan wasanni daga filayen unguwa zuwa manyan filaye, ciki har da wanda ke ɗaukar mutum kusan 100,000. Duk da haka ƙananan gasannin unguwanni da na karkara ba su mutu ba. A can ɗan kallo yana tsayawa a bakin shinge, idan an tafi hutu ya shiga fili ya tsaya kusa da 'yan wasa ya saurari abin da koci ke gaya musu, yara kuma su yi ta buga tasu ƙwallon a tsakiyar filin har a dawo. Abin da ke kai mutanen Melbon wurin shi ne abin da ke kai mutumin Maiyama dandali: ya san 'yan wasan, yana kusa da su, kuma zuwansa yana da tasiri.

Bambancin yana ga abin da ke riƙe da wasan. Ƙungiyar unguwa a Ostareliya tana da rajista, da kwamiti na 'yan sa-kai, da jadawalin wasanni, da filin da ƙaramar hukuma ta keɓe. Dandalin ƙasar Hausa kuwa a kan al'ada da yanayin shekara ya dogara, kuma yanayin shekarar ya sauya. A da, bayan kaka samari ba su da aikin gona sai damina ta dawo. Yanzu Aliero ta yi suna da albasar noman rani, kuma tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadamun jihar sun ƙara cika da aiki a watannin da a da ake wasa. Wasu samarin suna tafiya ci-rani, wasu suna makaranta, ciki har da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Wannan ci gaba ne, ba abin baƙin ciki ba, sai dai ya cinye lokacin da dandali ke rayuwa a cikinsa. Ga kuma gidajen kallon ƙwallo, inda matashi ke biyan kuɗi kaɗan ya kalli gasar Ingila, ya san 'yan wasan Arsenal ɗaya bayan ɗaya alhali bai san gwanin kokawar ƙauyen da ke kusa da nasu ba. Matsalar tsaro ma ta sa taron dare ya zama abin da ake yi da taka-tsantsan a sassa da dama na Arewa maso Yamma. Bikin Argungu kansa ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba, sai a Maris na 2020 aka dawo da shi.

Akwai kuma gaskiyar da masu son wasan ba su cika faɗa ba. Dambe yana karya muƙamuƙi, yana lalata ido, kuma yawancin waɗanda suka yi shi suna tsufa ba tare da abin hannu ba. Yankin yana da gwanayen ɗori na gargajiya, waɗanda suka sa ake kai masu karaya Aliero daga nesa, amma ɗori ba ya maganin bugun da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kusancin da ke sa ɗan kallo jin saukar naushi ya ɗora masa wani nauyi, domin wanda aka buga ɗan maƙwabcinsa ne. Duk wani yunƙurin raya dandali da bai tanadi ma'aikacin lafiya da haɗa 'yan wasa daidai da nauyinsu ba, ya bar 'yan wasan da hasarar su kaɗai.

Sha'awar kallon na gida dai ba ta gushe ba, ta dai sami sabon wuri. Gasar ƙwallon ƙafa tsakanin unguwanni, wadda ake yi a filin makarantar firamare da yamma, ta gaji abubuwa da yawa daga dandali: 'yan kallo ne iyakar fili, kowa ya san mai tsaron gida da ubansa, kuma idan aka ci ƙwallo taro kan ruga cikin fili. Abin da waɗannan wasanni ke buƙata daga ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama da masarautunsu bai kai kuɗin gina babban filin wasa irin na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi ba. Suna buƙatar fili da aka rubuta a takarda cewa na jama'a ne, don kada a wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti. Da lokaci sananne a shekara wanda ya dace da sabon tsarin noma. Da kwamitin mutanen gari da zai riƙe lissafi. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, ta girmi yawancin samarin da ke shiga fili a yau, amma dandalin ya girme ta da ƙarnoni. Ko zai kai ga jikokinsu, ya danganta ne da ko an bar musu wurin tsayawa su yi kallo.