Rana, wata da cikowar kogi a Rusairis: yadda sama ke tsara shekara

Garin Rusairis da ke jihar Bahar Azrak a Sudan yana kusan layi ɗaya da Kano, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Shi ya sa Hausawa da Fulanin da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, daga baya ƙauyuka suka bazu a gaɓar kogin har Rusairis, ba su tarar da baƙuwar shekara ba. Damina ita ce harif, kaka darat, ɗari shita, bazara kuma saif.

Duniya ita ce ta uku daga rana cikin duniyoyi takwas da ke kewaya ta, kuma tana kammala zagaye a kwana 365 da kusan kwata. Da yawa suna zaton kusantar rana ke kawo zafi, amma lissafi ya ƙaryata haka. A farkon Janairu, lokacin da ake jin ɗumi da asuba, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147. A farkon Yuli tazarar kan kai miliyan 152. Abin da ke sauya yanayi shi ne karkatar duniya da digiri 23.4, wadda ke sa rana ta yi kamar tana tafiya arewa daga Disamba zuwa Yuni, sannan ta juya kudu.

A Rusairis rana kan tsaya daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. A ranakun nan, in rana ta take, sandar da aka kafa a tsaye ba ta da inuwa. Tsayuwar Afrilu kan zo da tsananin zafi saboda sama a buɗe take, ƙasa a bushe. Ta Agusta kuwa gajimare ne ke tare ta. Tsawon yini bai cika sauyawa ba: kusan awa 12 da minti 50 a Yuni, awa 11 da minti 25 a Disamba.

Ruwan sama yana bin rana a baya. Inda ƙasa ta fi ɗaukar zafi iska kan tashi sama, damshi daga kudu ya biyo, hadari ya haɗu. Wannan layin hadari kan hau tsaunukan Habasha daga Yuni zuwa Satumba, ruwan ya gangaro ta kogin da ke fitowa daga tafkin Tana, ya kai ƙololuwa a Agusta da farkon Satumba, ɗauke da laka. In ya janye, sai a shuka gaɓar da ya bari, noman da ake kira juruf. Madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, ta sauya wannan tsari, haka ma babbar madatsar Habasha da ke kusa da iyaka, wadda aka fara tara wa ruwa a Yulin 2020. Manomin gaɓa yanzu yana duban sama, yana kuma sauraron labarin buɗe ƙofofin madatsa.

Watan Musulunci ba ya gaya wa manomi ranar shuka. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka azumi kan zagaya dukkan yanayi cikin kimanin shekara 33. Lissafin da ke tafiya da rana shi ne na taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimilla 365. Malaman ƙasar Hausa sun san Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha a cikin taurarin damina, manoman Sudan kuma suna ƙirga waɗannan sunaye da nasu lafazin. Taurarin ba su kawo ruwa, alama ce kawai ta inda duniya ta kai a zagayenta. Zara matar wata ba ta cikin wannan jeri, domin ita duniya ce mai kewaya rana kamar tamu.

Cikowar teku kuwa aikin wata ne. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya, tare da taimakon rana, kan sa teku ya tunkuɗo ya janye sau biyu a yini a yawancin gaɓoɓi, kullum da jinkirin kusan minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da rana da wata da duniya suka jeru. Kogi a Rusairis ba ruwansa da wannan. Ko a Sawakin, inda mahajjatan yamma suka daɗe suna shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, cikowar Bahar Maliya ƙarama ce har ba a cika lura da ita ba, saɓanin Legas inda takan kai kusan mita guda.