Zamanin da aka hana lauya shiga kotun alƙali

Yau idan rigimar gadon gona ta tashi a Bichi ko Dambatta ko Kunchi, nan da nan za ka ji ɗaya ya ce "zan ɗauko lauya". To, a zamanin kakanninmu wannan magana ba ta da wurin zama, domin dokar Turawan mulkin mallaka ta hana lauya tsayawa a kotunan En'e. Manomi shi zai tsaya gaban alƙali da bakinsa, ya kawo shaidu, ko a ba shi rantsuwa. Manyan shari'o'i kuwa, irin na kisan kai da rikicin ƙasa, majalisar Sarkin Kano ce ke jinsu.

Ni a ganina tsarin yana da amfaninsa: shari'a da Hausa ake yi, ba ta ja da nisa, kuɗinta kaɗan. Amma alƙali ma'aikacin En'e ne. Idan abokin shari'arka dagaci ne ko hakimi fa? 'Yan NEPU sun ɗanɗana wannan bayan kafa jam'iyyar a Kano a 1950. Da yawansu an ɗaure su a kotunan alƙalai kan laifuffuka irin su taro ba izini ko zagin masu sarauta, babu mai kare su.

Shari'ar da ta girgiza tsarin daga Gwandu ta fito. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka harzuƙa ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna ba su ji daɗi ba, aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara goma. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamiti ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, daga nan aka samu dokar final kod da ta fara aiki a 1960.

Duk da haka ƙofar ba ta buɗe wa lauya ba. Ko da soja suka soke kotunan sarakuna, aka kawo kotunan yanki a 1968, hanin yana nan daram. Sai da kundin tsarin mulkin 1979 ya zo, kotuna suka dogara da shi a farkon shekarun 1980 suka ce wanda ake tuhuma yana da 'yancin ɗaukar lauyan da yake so, ko a gaban alƙali ne.

Saura maganar kuɗi. An kafa hukumar ba da tallafin lauya kyauta tun 1976, amma ofishinta a birni yake, manomin Tsanyawa kuwa sai ya fara lissafin kuɗin mota, sannan na lauya. Shi ya sa har yau rigimar kan iyaka takan fara ne a zauren mai unguwa, sai ta gagara a wuce kotu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.