Daga Askar Fuska Zuwa Ƙwayar Lantarki: Tarihin Takardar Tafiya da Sirrin Matafiyi a Ƙasar Zamfara



Gabatarwa

Duk wanda ya karɓi fasfon Nijeriya daga shekarar 2007 zuwa yau, idan ya dubi bangonsa zai ga wata 'yar alama mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiyarta. Alamar tana nuna cewa an binne wata ƙwayar lantarki a jikin littafin. Tun bayyanar wannan ƙwaya mutane ke tambaya, shin hukuma tana iya bin sawun mai fasfo da ita duk inda ya sa ƙafa? Tambayar tana da muhimmanci ƙwarai a ƙasa irin ta Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda sanin wane ne ya tashi, ina ya nufa, me kuma yake ɗauke da shi, ya zama maganar rai da mutuwa a kan hanya irin wadda ta tashi daga Gusau ta bi ta Magami zuwa Ɗansadau. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin shaidar matafiyi a wannan ƙasa, domin a gane inda hatsarin yake a haƙiƙa, kada a bar jaki ana dukan taiki.

Kafin Zuwan Takarda

Mutanen ƙasar Zamfara matafiya ne tun fil azal. Almajirai sun yi ta kwararowa 'Yandoto neman ilimi tun kafin jihadi, fatake kuma suna ratsa ƙasar da jakuna zuwa Gwanja sayen goro. A wancan zamani shaidar mutum iri biyu ce. Ta farko tana kan fuskarsa, wato askar da wanzami ya yi masa yana jariri. Da ganin kumatu ake rarrabe Bazamfare da Bagobiri da Bakatsine, Hausawa kuwa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ta biyu ita ce mutanen da za su tsaya masa: madugun da ya ja ayari ya biya kuɗin fito a madadin kowa, da fatoman da ya saukar da baƙo a zango ya lamunce shi a gaban sarkin gari.

Abin lura a nan shi ne, wannan sani yana zaune a kawunan mutane ne, ba ya tafiya nesa, kuma wanda aka sani shi ma ya san wanda ya san shi. Duk da haka aska tana da kaifi biyu. Tsagen da ke sa a karɓi mutum hannu biyu a garin dangi, shi ne ke tona shi ranar yaƙi a hannun abokan gaba. Tun daga nan za a ga cewa kowace irin shaida tana iya yi wa mai ita rana, tana kuma iya yi masa dare.

Zamanin Turawa

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a masu yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa. Wannan hijira, tare da tawayen Satiru na 1906, ta dasa wa Turawa tsoron hanyar gabas. A ganinsu ta nan ne aƙidar Mahadiyya da ƙiyayyar mulkinsu za su riƙa shigowa.

A shekarar 1920 aka yi taro a birnin Paris a ƙarƙashin tsohuwar majalisar ƙawancen ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, aka daidaita siffar fasfo ya zama ɗan littafi mai hoto. A cikin shekarun 1920 ɗin ne gwamnatin mulkin mallaka ta tsara cewa maniyyaci ya karɓi takardar izni ya kuma ajiye kuɗin jingina kafin ya fita. Har ma aka tura wani jami'i mai suna Lethem ya bi sawun alhazai zuwa Sudan da Jidda ya rubuto rahoto. Hujjar da aka bayar ita ce kare alhazai daga tagayyara da faɗawa hannun masu cinikin bayi, kuma wannan hatsari gaskiya ne. Amma takardar nan kuma ita ce ta ba Razdan damar sanin wane malami ya fita da wanda ya dawo. Saboda haka talakawa da yawa suka zaɓi satar hanya, suka tafi ba tare da takardar kowa ba.

A cikin gida kuwa takardar haraji ce ta zama fasfon talaka. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya buɗe, 'yan cin rani suka yawaita. Wanda ya bar ƙauyensa ba tare da rasiɗin harajin bana a aljihu ba yana iya kwana a hannun 'yan doka. Ta haka sanin mutum ya tashi daga kan madugu ya koma cikin littafin malamin haraji na En'e, littafin da talaka ba ya iya karantawa, ba a kuma nuna masa abin da aka rubuta a kansa.

Bayan Samun Mulkin Kai

Abubuwa uku da suka faru bayan 1960 sun isa misali. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Hausawa da yawa mazauna zango, waɗanda wasunsu can aka haife su, suka bar gidaje da dukiya saboda rashin takarda. Wannan ya nuna wahalar wanda ba a rubuta shi ba.

Na biyu ya nuna wahalar wanda takardarsa ke hannun mai iko. A watan Janairu na 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, suka fitar da shi zuwa Cadi bisa da'awar cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Sai da kotu ta tsaya masa sannan aka tabbatar da 'yancinsa. Na uku, a 1992 jami'an tsaro suka karɓe fasfon lauya Olisa Agbakoba a filin jirgin sama na Ikko, kuma a 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa karɓewar ta saɓa wa doka. A duk waɗannan babu ƙwayar lantarki ko ɗaya. Mutum ne da iko, da kuma takarda.

Zuwan Ƙwayar Lantarki

Ƙasar Malesiya ce ta fara sa ƙwayar lantarki a fasfo a 1998. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta matsa wa ƙasashe su koma ga irin wannan fasfo, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya kuma ta tsara ƙa'idojinsa. Nijeriya ta fara bayar da shi a 2007, tana cikin na farko a Afirka, sannan a 2019 ta fito da sabon samfuri mai iya kai shekara 10. Tun daga 2009 kuma Saudiyya ta daina karɓar fasfon alhazai na musamman. Saboda haka manomin Magami da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kujerar Makka, dole ya gabatar da kansa a ofishin shige da fice a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Fuskar da wanzami ya daina tsagawa ta sake zama shaida, sai dai yanzu na'ura ce ke karanta ta.

To, me ƙwayar take iyawa? Tana ɗauke da abin da aka buga a shafin farko, wato suna da ranar haihuwa da lambar fasfo, tare da hoton fuska, wasu ƙasashe kuma suna ƙara zanen yatsu. Ba ta da batir. Ba ta magana da tauraron ɗan'adam. A mace take har sai an kusantar da ita ga na'urar karantawa, kimanin santimita 10, sannan ta sami ƙarfin amsawa. Ko a nan ma ba ta buɗe cikinta sai na'urar ta kawo mabuɗi, wanda ake haɗawa daga lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar ƙarewar aikinsa, kamar yadda suke a layuka biyu na ƙasan shafin. Ma'ana, sai an buɗe littafin kafin a karanta ƙwayar.

Masana sun gwada ƙarfin wannan kulle. A 2006 wani Bajamushe mai suna Lukas Grunwald ya nuna cewa ana iya kwafe abin da ke cikin ƙwayar zuwa wata, ko da yake canza shi ba tare da an gane ba wani abu ne daban, domin akwai hatimin lantarki na ƙasar da ta bayar. A 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka nuna cewa wanda ya taɓa sauraron zancen wani fasfo da na'ura yana iya sake gane fasfon nan idan ya matso kusa da shi. Waɗannan raunuka ne na gaske, an kuma yi ta gyara su. Amma duka suna bukatar mai leƙen ya zo dab da mutum. Fasfon da ke cikin akwati a Bunguɗu ba ya gaya wa kowa a Abuja inda mai shi yake.

Inda Gizo Ke Saƙa

Hatsarin yana cikin kundin da ke bayan fasfon. An kafa hukumar shaidar ɗan ƙasa a 2007, tana ba kowa lamba mai alƙaluma 11. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarci a haɗa wannan lamba da kowane layin waya, yau kuma ba a samun fasfo sai da ita, asusun banki ma an ɗaure shi da ita. Waya kuwa, saɓanin fasfo, kullum tana sanar da turken sadarwa mafi kusa inda take. Ke nan da zare ɗaya ana iya jawo sunan mutum da fuskarsa da kuɗinsa da tafiye-tafiyensa. Mutanen Zamfara sun ɗanɗani girman ikon da hukuma ke da shi a kan waya a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sadarwa a jihar baki ɗaya na tsawon makonni domin yaƙi da 'yan bindiga.

Kundi irin wannan yana da amfani wajen kama mai fasfo biyu da mai satar sunan wani. Tambayar ita ce wa ke riƙe da mabuɗinsa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. A ƙasar da masu satar mutane ke dogara da masu kai musu rahoto, irin wannan yoyo ba ƙaramin abu ba ne. Tarihin duniya ma ya yi gargaɗi. Ƙasar Holan ta tsara rajistar jama'arta da kyau domin sauƙin mulki, da sojojin Hitila suka mamaye ta a 1940 sai rajistar ta taimaka musu wajen zaƙulo Yahudawa, aka hallaka kimanin kashi uku cikin huɗu nasu. Wanda ya rubuta kundi ba shi ne kullum ke gadonsa ba.

Kammalawa

Dokokin da za a dogara da su suna nan. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da na wasiƙunsa da maganganunsa na waya, sashe na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum haƙƙin ya nemi sanin abin da aka tara a kansa, ya kuma nemi a gyara kuskure. Wannan shi ne abin da kakanninmu ba su samu ba a gaban malamin haraji.

Sai dai doka ba ta tsare kanta. Ku ma'aikata, jerin sunayen maniyyata da kwafen fasfo da ke kan teburanku amana ce, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Takarda ɗaya da aka bari a shagon ɗaukar kwafi, ko hoton jerin sunaye da aka tura wa aboki ta waya, ya fi ƙwayar lantarki dubu saurin kai mutum ga halaka. Ku ɗalibai kuma, idan kun koma garuruwanku ku kwantar wa iyaye da hankali game da ƙwayar, ku gargaɗe su kada su miƙa shafin fasfonsu ko lambarsu ga duk wanda ya tambaya, sannan ku koyi tambayar hukuma abin da ta tara, da wanda ta nuna wa, da ranar da za ta shafe shi.