Faransa 2013: wa ke da aure, gwamnati ko addini?

Ƴan uwa ɗalibai, in muna son gane rigimar auren jinsi a Faransa, sai mu koma 1792. A shekarar ne gwamnati ta karɓe ɗaurin aure daga hannun coci ta ba magajin gari. Dokar 1905 kuma ta raba addini da gwamnati.

Da Hollande ya hau mulki a 2012, ministar shari'a Christiane Taubira ta kawo dokar auren jinsi. Kadinal André Vingt-Trois na Paris ya ƙi, babban malamin Yahudawa Gilles Bernheim ya ƙi, majalisar Musulmin Faransa ita ma ta ce ba ta yarda ba. Ranar 13 ga Janairu 2013 aka yi babbar zanga-zanga a Paris. Ƴan sanda suka ce mutum 340,000 ne, masu shiryawa suka ce 800,000.

Abin da na lura shi ne, malaman nan ba su cika jawo aya ba, don sun san majalisa ba ta aiki da ita. Sai suka kama zancen yaro da nasaba: wane ne uba, wace ce uwa?

Ranar 23 ga Afrilu dokar ta wuce, ƙuri'a 331 da 225. Ba a tilasta wa liman ko fada ɗaura irin wannan aure ba. Amma magadan garin da suka nemi uzuri saboda imaninsu, kotun tsarin mulki ta hana su a Oktoba. A ganina, malaman sun zo neman auren da ya bar hannunsu tun shekara 221 da suka wuce.