Cikin da ya sauka a kan tabon tiyata

A Jos, in mace ta ce "an yi mini aiki a Jankwano", an san nufinta: an yanka an ciro ɗa. Asibitin nan na ECWA tun 1959 yake. Layin da ke ƙasan cibiya macen tana ganinsa kullum in za ta ɗaura zane. Amma akwai wani tabon a jikin mahaifa da ba ta taɓa gani ba.

A da, tiyatar haihuwa kusan sallama ce da duniya, don ba a ɗinke mahaifa. Sai a 1882 Max Sänger na Jamus ya nace a riƙa ɗinkewa. A 1926 Munro Kerr na Glasgow ya yaɗa yankan da ake yi a kwance a ƙasan mahaifa, wanda har gobe shi ake yi. Mata suka rayu, suka sake ɗaukar ciki. Daga nan sabuwar matsala ta ɓullo: a 1978 Larsen da Solomon suka fara ba da rahoto, a mujallar likitocin Afirka ta Kudu, kan cikin da ya maƙale a tsohon tabo. Ana ƙiyasta shi da kusan ciki ɗaya cikin 2,000.

A sikanin, irin wannan ciki ɗan ƙulli ne baƙi can ƙasa, tsakaninsa da mafitsara nama ne siriri. In an gano shi a makonnin farko, likita kan zuƙe shi yana kallon na'ura, ko ya yanke tabon ya sake ɗinki, wani lokaci a haɗa da allurar methotrexate. Galibi mahaifa na tsira, haihuwa ma ba ta yanke ba. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne yadda yake kama da ɓari. In aka yi wankin ciki a makance, jini kan ɓalle. In aka bar shi, mabiyiya kan nutse cikin naman mahaifa, ta kai ga a cire mahaifar baki ɗaya.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ta tiyata. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Alheri ne babba, amma tabo zai ƙaru. Ga shi har yau mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fara motsi.